Zakaran da aka sayar sau uku: tarihin baza da matan da ke bakin murhu

  

Da kwamiti ya ce in rubuta wani abu na tarihi a mujallar bana, niyyata ita ce in rubuta tarihin kuzar Riruwai. Abin da ya faru a taronmu na watan jiya ne ya sauya mini shawara. Kun tuna ana ta muhawara a kan yadda za mu sami kuɗin gina ɗakin ajiyar hatsi ba tare da cin bashi ba, sai na ɗaga hannu na ce mu yi baza bayan kaka. Wasu suka fashe da dariya, suna cewa baza me, tabarma ko kaya? Wata yayata ta ce cikin ladabi, "Ai wannan abin coci ne." Gaskiyarta. Da aka tashi kuma, wata 'yar Zumunta kamata ta ja ni gefe ta ce, "Ke kin manta wahalar da ke ciki? Mu za mu dafa, wasu su ƙirga." Ita ma gaskiyarta. Maganganun nan biyu su suka hana ni barci, shi ya sa na ga gara mu san asalin abin tukuna, kafin mu karɓe shi ko mu ƙi shi.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Idan an gama girbi, wajen Nuwamba ko farkon Disamba, majami'a takan ware wata Lahadi ta godiyar kaka. Kowane gida zai zo da abin da gonarsa ta bayar: damin dawa, buhun masara, tiyar shinkafa, rake, kabewa, dankali, zakara, wani lokaci har bunsuru. Ana shiga da su da kiɗa da waƙa, gida-gida ko ƙungiya-ƙungiya, a jibge a gaba, a yi addu'a. Bayan an tashi sujada sai a fito fili, a kafa rumfuna, a yi gwanjon kayan nan, mata kuma su sayar da abinci. Kashi na farko shi 'yan boko ke kira habes, na biyun kuma baza. Katolika da Angilika su suka fi riƙe sunan baza da rumfunanta. A majami'un ƙauye irin wadda na tashi a cikinta, can wajen iyakarmu da ƙasar Lere, godiya kawai muke cewa, amma gwanjon da girkin duk ɗaya ne.

Gwanjon coci ba irin na kasuwa ba ne. Ina yarinya na ga an sayar da zakara ɗaya sau uku a yini guda. Wani malamin makaranta ya saye shi ninkin kuɗinsa, ya ce ya bar wa majami'a. Aka sake ɗaga shi, wani ɗan kasuwa ya saya, shi ma ya mayar. Na ukun ne ya tafi da shi gida, zakaran ya galabaita, ko cara ba ya iyawa. Kowa a wurin ya san ba zakara ake saye ba. Kyauta ake yi, zakaran hujja ce kawai.

To, daga ina abin ya fito? Saiwarsa biyu ce a ƙasar Ingila, kuma da farko ba su da haɗi da juna.

Ta farko ita ce godiyar girbi. Miƙa nunan fari ga Allah tsohon abu ne, yana cikin Attaura, a Littafin Firistoci, inda aka tsara idodin girbi na Bani Isra'ila. Amma shigar da amfanin gona cikin ginin coci a wata Lahadi ta musamman, kamar yadda muka sani yau, bai kai shekara ɗari biyu ba. Ana danganta farkonsa ga wani limamin cocin Ingila mai suna Robert Hawker, a ƙauyen Morwenstow da ke yankin Konwal, wanda a 1843 ya kira manoman ƙauyensa su zo su yi godiyar kaka a coci. Kafin nan shagalin girbi a can na ci ne da sha a gidan mai gona. Cikin shekaru kaɗan al'adar ta bazu a ƙasar.

Ta biyu ita ce baza. Kalmar ba ta Turawa ba ce, ta Farisa ce, ma'anarta kasuwa. Abin dariya, da ta iso bakinmu sai ta dace da namu "baza", tunda dai baza kaya ake yi. A farkon ƙarni na 19 matan Ingila masu hali suka fara haɗa kasuwar yini ɗaya ko biyu, su sayar da ɗinkinsu da saƙarsu don taimakon marayu, asibiti ko 'yan mishan. A lokacin mace ba ta da ƙuri'a, matar aure ma dukiyarta a hannun miji take a idon doka. Baza ce ta zama ƙofar da mata ke shiga harkar jama'a, su riƙe kuɗi, su tsara aiki, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. A Amurka, matan birnin Boston sun fara irin wannan kasuwa a 1834, suna yi duk shekara, kuɗin na tafiya ga yaƙi da bauta. A Landan kuwa, a watan Mayun 1845, masu adawa da dokar da ta sa haraji mai nauyi a kan alkamar waje, wadda ta sa burodi ya gagari talaka, sun yi baza a babban gidan wasa na Covent Garden fiye da mako biyu, suka tara kusan fam 25,000. Mata ne suka tsaya a rumfunan. A 1846 aka soke dokar. Ba zan ce baza ce ta soke ta ba, yunwar da ta faɗa wa ƙasar Ayalan a lokacin ta fi kowa magana. Amma kuɗin matan nan ya shiga aljihun fafutukar. Wani abin lura kuma: a ƙasar nan dai, a 1844, masaƙa da leburori 28 na garin Rochdale suka haɗa taro da sisi suka buɗe ɗan kantinsu, wanda daga shi ne tsarin ƙungiyoyin gama kai irin tamu ya samo ƙa'idojinsa. Kun ga ashe godiyar kaka da babbar baza da ƙungiyar gama kai duk sa'o'in juna ne, cikin shekara uku suka bayyana a ƙasa ɗaya, lokacin da abinci ya yi tsada.

Tun a can ma ba kowa ya so baza ba. Akwai limaman da suka yi ta wa'azi cewa an mayar da gidan Allah kasuwa, an kuma shigo da caca ta hanyar tikitin sa'a. Wannan ƙorafi har gobe ana yin sa, zan dawo kansa.

Yadda abin ya iso mu kuwa, ta ruwa ya fara zuwa, sannan ta dogo. 'Yan mishan sun sauka Badagiri a 1842, majami'un Legas da Abekuta da Anaca suka ɗauki habes suka mai da shi nasu, da doya da ayaba a madadin alkama. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, akawuna da masu aikin jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka zo da majami'unsu da al'adunsu. Baƙo a gari ba shi da gona, sai ya kawo kuɗi ko ya sayi abin da wani ya kawo.

Mu nan kudancin Kano, kuza ce ta jawo mana baƙi. Tun kafin Turawa mutanen Riruwai ke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Wasu daga cikin maƙeran nan ne suka yi ƙaura suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi. Ganin irin waɗannan sandunan a kasuwa ne ya sa Turawan kamfani suka bi sawu har suka gano arzikin da ke Jos da kewaye. A 1912 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Rahama, nan maƙwabtanmu, a 1914 ya kai Bukur, ya yi ta jigilar kuza da mutane har aka rufe shi a 1957. Barikin ma'adinai kuwa kowa ya san halinsa, yare goma a layi ɗaya. Daga cikin masu zuwa akwai Kirista, kuma duk inda suka kai goma sai sun kafa rumfar sujada.

Amma majami'un ƙauyukanmu ba na baƙi ba ne. Na 'yan ƙasa ne, Hausawa da ake kira Maguzawa, da Kurama na gindin duwatsu. Labarinsu ya bi ta hannun mishan ɗin SIM. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, sai a shekarun 1930 aka sassauta, aka bar su suka shigo ta hanyar jinyar kutare da aikin asibiti. Asibitin ido na Kano, wanda iyayenmu da yawa, Musulmi da Kirista, suka je aka yi musu aikin yanar ido, an buɗe shi a 1943. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito cikakke da Hausa a 1932, shi ya sa har yau Bakurme da Bahaushe da Bajju ke sujada da harshe ɗaya.

A nan nake so mu ɗan daɗe, don a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Ana cewa Bature ne ya koya mana godiyar kaka. Bature ya kawo Lahadin da teburin gwanjo, amma bai koya wa manomin ƙasar Hausa fitar da rabon Allah daga gona ba. Maƙwabcinsa Musulmi ya daɗe yana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar, rabin haka idan ban-ruwa ne na wahala. Kirista Bahaushe ma da ya tashi neman sunan kashi ɗaya cikin goma da yake bayarwa, bai ƙirƙiro wata kalma ba, zakka ya ce, har yau haka ake faɗa a majami'a, zakka da baiko. Aikin gayya muna da shi, a taru a nome gonar mutum ɗaya, shi kuma ya ciyar. Gudummawar biki muna da ita, ki kawo mini yau, in ninka miki gobe. Adashi muna da shi. Baza ta zo ta tarar da gida a share ne.

Sannan ga gayauna. A tsarin gandu, mai gida ke da babbar gona, amma matan gida da samari kowa na da 'yar gonarsa da yake nomawa a ranakun da aka ba shi, abin da ta bayar nasa ne. Matan Maguzawa kuwa an san su da noma, ba sa zaman kulle. Don haka idan mace ta ɗauko tiyar gyaɗa ko kwandon kuɓewa busasshiya ta kai gaban majami'a, ba daga rumbun miji ta ɗebo ba, guminta ne. Wannan ya sa tun farko mata suka ɗauki ranar godiya a matsayin tasu, ko da ba su ke riƙe da ƙararrawar gwanjo ba.

Ƙungiyar da ta tattara wannan ƙarfi ita ce Zumuntar Mata. Labarin da ake bayarwa na kafuwarta ya kamata kowace 'yar ƙungiyar gama kai ta ji shi. An ce a 1930, a Miyango ta ƙasar Filato, wata mata ta sha wuyar haihuwa har ta kusa rasa ranta saboda babu abin da za a kai ta asibiti da shi. Matan majami'ar suka haɗa kuɗi suka sayi keke, don kada a sake. Keke ɗaya. Daga nan abin ya yaɗu, har ya zama babu wata majami'a a Arewa, ECWA ce ko Katolika ko Baptis ko HEKAN, da ba za ki ga matan nan da zanensu iri ɗaya, da tulunsu na kiɗa da cakinsu ba. Ana yawan kallon su a matsayin mawaƙa. Waƙa kam suna yi, amma su ke zuwa gaisuwar mara lafiya, su ke wankan jego ga wadda ba ta da uwa a kusa, su ke dafa abincin makoki, su ke kuma ɗauke da baza a ka.

Me ya sa majami'a ta matsu da kuɗi haka? A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka zama ECWA, mai cin gashin kanta, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragowar ayyukanta. A shekarun 1970 ɗin nan ne gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa. Cin gashin kai daɗin faɗa gare shi, amma ma'anarsa a ƙauye ita ce albashin fasto, kwanon rufi, bencina, kuɗin makarantar ɗan da aka tura koyon aikin bishara, duk sun dawo kan manoma waɗanda ba sa ganin kuɗi sai sau ɗaya a shekara. Baikon Lahadi kwabo-kwabo ne. Ranar godiya ce kaɗai ake samun abin da za a iya aza tubali da shi. Majami'u da yawa da kuke gani da jar ƙasa da rufin kwano a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, da masara aka gina su.

Yanzu bari in zo kan maganar 'yar'uwata da ta ja ni gefe.

Mai zuwa baza ranar Lahadi rumfa yake gani da tururin abinci. Aikin tun Laraba ya fara. 'Yan mata su tafi itace, kwana biyu ana tarawa. Alhamis surfe da wankin hatsi da kai niƙa, a da kuwa daka ce da hannu, turmi biyar a jere. Jumma'a a bi gida-gida aron manyan tukwane da tanda da kwanuka, kuma ina shaida rabinsu daga gidajen maƙwabtanmu Musulmi suke fitowa, kamar yadda namu ke tafiya can ranar suna ko walimar saukar karatu. Asabar a jiƙa shinkafar waina, a gyara wake na ƙosai da alale, a kira mahauci Musulmi ya yanka akuyar, don kowa ya ci ba tare da shakka ba. Daren Lahadi ba barci. Kafin asuba an tace kunu, an dafa zoɓo, ƙullu ya tashi. Matan da suka fi kowa aiki su ne ba sa jin wa'azin ranar, ba sa ganin gwanjo, suna bayan gini cikin hayaƙi da goyo a baya. Magariba ta yi, maza sun shiga ofis da akwatin kuɗi, su kuma suna bakin rijiya da tulin wanke-wanke, ga tukwanen mutane da za a mayar da ɗan abin godiya a ciki.

Ku yi lissafi da kanku. A ce mata ashirin, kwana huɗu. Yinin aiki tamanin ke nan. Ku sa masa kuɗin da ake biyan 'yar ƙwadago a gonar shinkafa yau, ku ƙara itace da man gyaɗa da daddawa da kowace ta ɗebo daga ɗakinta ba a rubuta ba. Sau da yawa za ku tarar abin da rumfar abinci ta kawo bai wuce wannan jimla da yawa ba. Wato ribar da ake tafa wa, ladan aikin matan nan ne da suka yafe. Ba laifi ba ne mutum ya yafe, ai don Allah aka yi. Laifin shi ne a karanta sunan wanda ya sayi zakara a lasifika, a manta da wadda ta kwana a tsaye.

Innata, Allah ya ji ƙanta, ita ce ma'ajin Zumunta a ƙauyenmu shekaru da dama. Akwai wata shekara, bayan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aiki ya ja baya, ga tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ya sa komai ya yi tsada. Dattawa suka gayyato wani babban mutum daga birni ya zama shugaban taro. Ya zo da mota, aka ba shi kujera mai hannu, aka zuba masa cinyoyin kaji. Ya tashi ya yi alkawarin kuɗin da ya sa mata suka yi guɗa har muryarsu ta dushe. Har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba a ga ko sisi ba. Kuɗin hannu da aka ƙirga a daren nan, mafi yawansa daga waina da kunu da ƙananan gwanjo ya fito. Mata sun so a haƙa rijiya kusa, don rafin da suke zuwa da nisa. Da aka zauna, ba mace ko ɗaya a zaman, sai aka yanke a sayi babur na zirga-zirgar aiki. Babur ɗin ya yi amfani, ban musa ba, har masu naƙuda ya kai asibiti. Amma ba a tambaye su ba.

Inna ba ta yi faɗa ba. Littafin rubutu ta sa na sayo mata, irin na 'yan firamare mai jadawalin sau a bayansa. Da yake hannunta bai saba ba, ni ke rubutawa tana faɗa. Shekara ta zagayo, muka rubuta komai: wance dami biyu na itace, wance kwalbar mai, wance kwana uku a murhu, wance aron tukunya. Ranar da dattawa suka kira ta a tsara girki, ta ɗora littafin a tebur ta ce, "Baba, ga namu baikon. A karanta shi tare da na masu kuɗi. Sannan in an ƙirga, a ƙirga da mu." An yi shiru, an yi gyaran murya, wani ya ce ba a saba ba. Ta ce to, bana a sayo burodi. A shekarar aka fara sa mata biyu a wurin ƙirga, aka kuma bar wa Zumunta kaso daga kuɗin rumfar abinci. Rijiyar ta ɗauki kaka uku kafin a gama ta.

Wani darasin da majami'un ƙauye suka koya da wuya shi ne na farashi. Ranar godiya tana faɗowa daidai lokacin da hatsi ya fi araha, lokacin da motoci ke cika a kasuwar Dadin Kowa da Tudun Wada da Kwanar Dangora suna ɗiba zuwa Dawanau. Zakara da kabewa a yi gwanjonsu a ranar, ba komai. Amma buhun masara idan aka sayar a Nuwamba, an yi wa ɗan kasuwa godiya ne. Sai wasu suka fara ajiye buhunan har damina ta faɗi, musamman da aka sami buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Ko wannan ma ba dokar Allah ba ce, waɗanda suka yi ajiya a 2025 sun ga yadda farashi ya faɗi a maimakon ya hau. Sai kuma abin da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya mana: yanzu masu saye da yawa da waya za su biya, kuma idan lambar asusun ta mutum ɗaya ce, rigima na nan tafe ko da mutumin waliyyi ne.

Game da yayata da ta ce abin coci ne, ga abin da zan ce. Sujadar godiya ta coci ce, ba wanda zai kawo ta ƙungiya. Amma kasuwar yini ɗaya don aikin alheri ba ta da addini, kuma makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata Musulmi sun daɗe suna kafa gidauniya ta hanyarsu. Abu biyu ne na ga ya kamata mu kiyaye. Tikitin sa'a mu bar shi gaba ɗaya, caca ce a wurin 'yan'uwanmu Musulmi, kuma fastoci da yawa ma ba sa son sa. Na biyu, na tambayi malamar Islamiyya da ke cikinmu a kan gwanjo, ta ce sayarwa ga wanda ya fi tayi halal ne, abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai a ruɗi wani ya biya da tsada. Na ji kunya kaɗan, don na san a wasu wuraren akan dasa irin waɗannan mutane cikin taro su zuga masu kuɗi. Mu ba za mu dasa kowa ba. Wanda ya taya, in ta faɗo kansa, ya biya a wurin. Sunan ma ba dole ne mu ce baza ba, kasuwar ƙungiya ta isa.

Abin da nake roƙo a taro mai zuwa, kafin a kaɗa ƙuri'a, shi ne mu amince a rubuce cewa yinin aiki hannun jari ne. Wadda ba ta da buhu amma ta ba da kwana uku a murhu, a rubuta mata shi da ƙimarsa, ya shiga lissafin rabonta a ɗakin ajiyar. A raba aikin girki kashi-kashi yadda kowace za ta sami awa biyu ta fito ta ga kasuwar da idonta, ba wai tsofaffi biyar ɗin da muka saba jibga wa komai ba. Samarinmu da ke karanta wannan, itace da ɗiban ruwa da kafa rumfa da mayar da tukwane naku ne bana, kada ku ce ba a faɗa muku ba. Alkawari kuwa kada magatakarda ta rubuta shi a shafin kuɗi sai ya shigo hannu. A ƙirga a fili kafin kowa ya tafi gida, mutum uku, a karanta jimla da ƙarfi.

Littafin Inna yana wurina. Gara ta ci gefensa, tawadar ta koɗe, amma ana iya karanta sunayen, kuma wasunku za su ga na iyayensu a ciki, har da na masu ba da aron tukunya. Zan zo da shi taro. A shafin ƙarshe akwai alkawarin babban mutumin nan, ta sa na rubuta shi da jan biro, da gurbin ranar biya a gefe.